Kwanon da Aka Ware Mini

Ina miƙa hannu cikin tuwon shinkafa, abokaina suka janye nasu.

Hutuna na farko ke nan a Haɗeja, zamanin soja, bayan na fara karatun binciken gawa a jami'a. Washegari aka ware mini kwano a gefen zaure.

Sati biyu ina ci ni kaɗai, sai Malam Garba mai wankan gawar unguwarmu ya zauna ya sa hannu.

Na ce, "Baba, ba ka ƙyamata?"

Ya ce, "Ɗana, ni ma na gaji da ci ni kaɗai."

Da na koma makaranta, ban san da wa ya ci ba.

Ku fa, wa ya zauna da ku ranar da kowa ya tashi?