Kwamfutar ɗana da na kai a share

Shekarun baya, bayan sadakar arba'in ta babban ɗana, ina zaune a rumfata ta hatsi a Babbar Kasuwa sai ga abokinsa ya diro daga acaba yana haki. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Baba, sun amsa! Ina kwamfutarsa?"

"Su wa suka amsa?"

Ashe masu kula da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci yake nufi. Marigayin ya daɗe yana aika musu wani aiki suna dawo masa da shi. Ya taɓa yi mini bayani da rumfar nan. Wai kwamfuta tana da ƙaramar ma'ajiya mai sauri, kamar buhunan bakin rumfa, da babba mai nawa, kamar sito. In za a matsar da abu daga nan zuwa can, kwaɗo ɗaya ake datse wa duka, kowa ya tsaya jira. Shi ya tsara yadda za a gano inda abu yake nan take, kowane sashe kuma da kwaɗonsa. Amsata a ranar ita ce, "Allah ya taimaka, amma ka nemi aikin ofis."

Yanzu sun ce za su karɓa in an gyara wuri ɗaya, gyaran kuma yana cikin kwamfutar. Ni kuwa da safen nan na kai ta wurin mai gyara a Ƙofar Kwaya ya share komai, don a yi mata kuɗi cikin kayan gado.

Na haye bayan acaba da girmana, hula a hannu, ina ce wa ɗan acaban ya ƙara wuta, ni da nake yi musu faɗan gudu.

"Alhaji, ai ban taɓa ta ba," in ji mai gyaran. "Batirinta ya mutu, tun safe kuma babu wuta."

Na zauna a bencinsa, na ce ya miƙo mini ita.

Da aka zo rabo na ce a sa ta cikin kasona. Abokin ya aika gyaran da sunan marigayin, suka karɓa. Ya nuna mini a waya. Turancina bai kai in karanta sauran ba, amma na gane sunansa, da nawa a bayansa.

An ce injuna a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna aiki da abin da ya rubuta a zaurena. In na tuna, nakan gyara zama. Da na ƙara sauraronsa lokacin da yake bayani.

Aikin yana da kashi na biyu, wanda ya fara kafin ya kwanta ciwo. Har yau ba wanda ya ƙarasa shi.