Ranar da Na Bi Layin Asibitin Inna

Ranar Asabar, ɗaya ga watan Oktoba na 1960, tun hantsi bai ɗaga ba aka jera mu a filin makarantarmu ta Illo, kowace yarinya an wanke mata riga, an shafe ta da man gyaɗa har goshi na ƙyalli. Shekarata tara. Malamai suka raba mana 'yan tutoci kore da fari, aka ce in manya sun iso mu ɗaga mu yi ta kaɗawa. Ƙanshin shinkafar da ake dafawa a manyan tukwane gindin ɗorawa ya cika filin, mata kuma sun yi cincirindo bayan darni suna leƙen 'ya'yansu. Ni dai tuta na hannuna, idona na kan hanyar asibiti, domin mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ta yi mini alkawarin za ta zo ta ga macin da muka yi wata guda muna koyo. Aka yi maci, aka yi waƙa, aka ci shinkafa, ba ta zo ba. Da aka tashi na ƙunshe mata rabona na nama a ganye, na bi ta asibitin. Na same ta durƙushe a baranda kan wata mata da aka kawo daga wani ƙauye na Dahome a bisa gadon kara, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Farar rigar Inna ta ɓaci har gwiwa. Ta ɗago sau ɗaya, ta ce, "Tahi gida," ta mayar da kai.

Sunanta Rabi, amma duk garin Malama Nas ake ce mata. Tana cikin 'yan matan da aka fara kaiwa makarantar boko daga yankinmu, daga nan ta koyo aikin jinya a birni, ta dawo gida. Mahaifina ya rasu ina goye, don haka mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da mahaifiyarta da nake ce wa Kaka. Gida ne na laka mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya, ga turken awaki a kusurwa, ga bishiyar lemun tsami da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba amma Kaka ta hana a sare. Da safe ni ke sharar tsakar gida, in kai awaki bakin gari wurin makiyayi, in ɗebo ruwa tulu biyu kafin in tafi makaranta. Da yamma mu yi surfe da Kaka, ita da babbar taɓarya ni da ƙarama, sannan in zame in tafi carafke ko gaɗa da ƙawayena a ƙofar gida har a kira magariba. In lokacin kaka ya yi, mu yara ke kwana da tashi da zancen gonar shinkafa a fadama, inda ake tura mu korar tsuntsaye da gwangwanaye da aka ɗaura a igiya.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano, da rumfar zana inda marasa lafiya ke jira a kan benci ko a ƙasa. Ma'aikata biyu ne kaɗai, Inna da wani dattijo Malam Sambo mai ba da magani. Mutane kuwa daga ko'ina: daga Lolo, daga rugagen Fulani, daga ƙauyukan bakin gulbi, daga tsallaken iyaka inda babu wanda ke tambayar wace ƙasa ce taka in ɗanka na zazzaɓi. Inna na jin Dandanci kamar Hausa, har da ɗan Fulatanci na tambayar inda ke ciwo. A farkon da na yi wayo tana son aikin nan. Takan dawo tana 'yar waƙa, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu a bakin randa, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ran Juma'a ta yi mini kitso tana ba Kaka labarin jaririn da ya zo da ƙafa amma ya rayu. Ƙanshin aidin ba ya barin yatsunta, ni kuma a wurina wannan shi ne ƙanshin uwa.

Bayan samun mulkin kai an yi ta cewa za a ƙaro ma'aikata, za a kawo mota, magani zai wadata. Abin da muka gani shi ne Malam Sambo ya tsufa ya ajiye aiki, ba a turo kowa a madadinsa ba. Inna ta zama ita ce mai allura, ita ce mai dafa alluran a kan risho, ita ce ungozoma, ita ce mai wanke gyambo, wani lokaci ma ita ke share ɗakin. Akwatin magani kan makara saboda hanya da ƙetaren gulbi, in ya iso kuma kwana kaɗan ya ƙare. Ta yi ta rubuta takarda zuwa sama, amsar da ke dawowa ita ce ta ƙara haƙuri. Da bazarar shekara ta biyu ƙyanda ta shigo gari. A ajinmu kaɗai benci guda ya zama wayam. Iyaye na kawo yara sai ciwon ya ci ƙarfinsu, ita kuma ba ta da abin ba su sai ruwa da ɗan maganin zazzaɓi. Akwai ranar da wani mutum ya tsaya ƙofar gidanmu, ya ƙi shigowa ya ƙi tafiya, yana cewa allurarta ce ta kashe masa ɗa. Inna na ciki tana ji, tuwo na gabanta, ba ta ci ba.

Daga nan waƙa ta ɗauke a gidanmu. Kitsona ya koma hannun maƙwabciya. Inna kan dawo ta zauna bakin ƙofar ɗaki da rigar aiki a jikinta, takalmi ɗaya a cire ɗaya a ƙafa, tana kallon bango har awaki su shigo su wuce ta gabanta. In an yi sallama sai ta zabura, fuskarta ta ɗaure tun ba ta san ko wane ne ba. Fatar hannunta ta tsattsage saboda wanki da magani. Kaka kan ce, "Rabi, ko hura ki sha," ita kuma ta ce, "Anjima, Iya." Ni 'yar fari ce, kuma a al'adarmu uwa na jin kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta jan sa a jiki gaban mutane. Saboda haka da farko na ɗauka shirun nata kunya ce ta ƙaru don na girma. Amma na san bambancin: da ko ba ta kira sunana ba idonta na bina duk inda na yi a tsakar gida, yanzu kuwa sai in gifta ba ta gan ni ba.

Da kakar wannan shekara, muna fadama ana yankan shinkafa, na taka laujen da wani ya ajiye cikin ciyawa, ya tsaga mini gefen ƙafa. Kaka ta ɗaure da tsumma ta ce mu je gida ta sa mini ganye. Na ce a'a, asibiti zan tafi. Gaskiyar magana, a cikin zafin nan har da ɗan daɗi nake ji, domin na samu dalilin da zai sa Inna ta taɓa ni. Na ɗingisa har asibitin, kuma maimakon in shiga ta ƙofar baya kamar yadda na saba, sai na zauna ƙarshen layi, bayan wata Bafulatana mai goyo da wani masunci da ƙugiya ta shige masa yatsa. Na jira tun azahar har inuwar rumfa ta koma gabas. Da layi ya zo kaina na zauna kan kujerar ƙarfe, na ɗora ƙafa a kan ɗan akwatin da ke gaban Inna. Kanta a sunkuye ta kwance tsumman, ta wanke, ta sa aidin. Na cije leɓe ban yi kuka ba.

"Mi ya yanke ki?"

"Lauje," na ce a hankali.

Ta naɗa bandeji ta ɗaure. "Kada ruwa ya taɓa shi. Ki dawo jibi. Na baya."

Babu kowa a baya. Ban tashi ba. Na ce, "Inna."

Ta ɗago. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafar da ke hannunta, ta sake duban fuskata. Sai ta ce, "Asma'u," ta kama sunana sak, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu ta kifa goshinta a kan gwiwata, kafaɗunta na rawa. A goye ta kawo ni gida, ƙatuwa da ni, mutane na kallo.

Washegari ta yi wanka, ta sa farar riga, ta ɗaura farin ɗankwali, ta kai bakin zaure, sai ta dawo ta zauna kan turmi. Kaka ta ce, "Rabi, rana ta yi." Ta ce, "Na gani, Iya. Jikina ya ƙiya." Ta ƙara zuwa aikin kwana kaɗan bayan haka, sannan ta rubuta takardar ajiye aiki. Asibitin ya yi watanni da kwaɗo a ƙofa kafin a turo wani. Gari ya yi ta magana: an kashe mata kuɗin karatu ta watsar, ta yi girman kai, wasu ma suka ce iskokin gulbi ne suka taɓa ta. Ta koma noma shinkafa tare da Kaka, ta koma yi mini kitso, amma waƙar ba ta dawo ba. In an kawo mara lafiya ƙofar gida takan fita ta duba, ta faɗi abin da za a yi, ta dawo ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. A cikin watannin nan ne jaririn maƙwabtanmu ya rasu da gudawa, ni kuwa na sa wa raina cewa ni na jawo, da ban bi layin nan ba da asibiti na buɗe. Shekaru na ɗauki wannan ban faɗa wa kowa ba.

Sai da na yi aure na haihu, wata rana muna ɓarar gyaɗa ni da ita, na faɗa mata. Ta daɗe tana murza ɓawo a hannu, sannan ta ce, "Ba ke ba ce, ɗiyata. Tun kahin ranar na kai inda yaro zai cika a hannuna in rufe shi da zane in ce na baya, ban ji komi ba. Wanga shi ya ba ni tsoro. Ke dai kin sa na gani."

Yau hanyar garinmu ta fi da, asibitoci sun ƙaru, akwai mota, akwai waya a hannun kowa. Jikata ma aikin jinya take yi a birni, takan kira ni bayan ta tashi aiki, muryarta a dishe, ta ce su biyu ne a kan ɗaki cike da gadaje, ta ce wani lokaci takan tsaya ƙofar asibiti ta ji kamar ta juya. Ta ce yanzu masana har sun ba wannan irin gajiyar suna, ana ma yin taro a kanta. A zamanin Inna ba ta da suna. Duk wanda ya gamu da ita a hanya sannu da aiki yake ce mata, ita kuma ta amsa ta wuce. In na tuna ta zaune kan turmin nan da farar rigarta, abu guda ke ci mini rai: a duk shekarun nan ban taɓa jin wani ya ce mata ya jiki ba, har ni.