Wutar Tana Nan, Likita Tagwai

Ranar Talata, tara ga watan Agusta, 1988, ana yayyafi tun safe, Juliana mai kitso ta shigo gidana a Kamazou ba sallama, zanenta sharkaf. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannuwanta. Da ƙyar ta ce, "Mama, Likita ya tafi." Na tambaye ta ina kuma ya tafi, don na san shi da yawo. Sai ta zauna a ƙasa. A nan na gane. Likita, motarka ce ta kauce hanya cikin ruwan sama kana dawowa daga Kakau, inda ka je duba wata tsohuwa, kuma kafin a iso da kai asibitin da kake aiki, Ubangiji ya karɓi abinsa. Likita Sylvanus Tagwai, ɗana wanda ban haifa ba, yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarka, ni da na kusa haihuwarka. Ba haka na so ba.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, alli na sani da yaran mutane, ban san aikin asibiti ba. Abokan aikinka za su faɗi abin da ka yi da manyan kalmomi. Ni abin da zan faɗa shi ne, da ido ɗaya nake wannan rubutu, na hagu, kuma bayan ikon Allah kai ne ka tsare mini shi.

Ciwon da ka ba rayuwarka ba shi da suna a bakinmu. Ka bayyana mini shi kamar yadda nake bayyana wa 'yan aji ɗaya. Jijiyar jini ce da ke bi ta gefen goshi, tsakanin ido da kunne, take kumbura ta ciki har hanyar jini ta matse. Tsofaffi yake kamawa, mata sun fi yawa. Kai ya yi ta ciwo, fatar kai ta ƙi taɓuwa, muƙamuƙi ya gaji da tauna tun ba a ci rabin tuwo ba. In ba a tare shi da wuri ba, sai ya rufe ido, kuma wanda ya rufe ba ya buɗewa. Ka ce lokacin da kake karatu a ƙasar Turawa ka ga tsofaffinsu da yawa da shi, littattafai kuma suka ce da wuya ya kama baƙar fata. Ka dawo gida da tambaya ɗaya a ranka: ba ya kama mu ne, ko kuwa ba a neme shi a jikinmu ba? Tsohuwa a nan ba ta zuwa asibiti don ciwon kai. Ta ɗaure kai da tsumma, ta sha ƙwayar kemis, in ido ya tafi a ce tsufa ne.

To, ina tsofaffin mata ke miƙa kansu a taɓa? Wurin kitso. Shi ya sa wata Asabar aka ga mutum da farar riga da jaka ya ja kujera 'yar tsuguno ya zauna a gindin mangwaro, cikin masu kitson Unguwar Sanusi. Kai da sanƙonka, wanda ko gashin da kibiya za ta kama babu. Mata suka yi ta dariya har wata ta zubar da man kitso. Ba ka ji haushi ba. Ka jira suka gama, sannan ka kama yatsun Juliana ka ɗora a gefen goshinka, ka ce ta ji yadda lafiyayyiyar jijiya ke bugawa, da laushi, kamar ba ta son a san tana nan. Ka ce musu in sun ji ta yi tauri kamar igiyar guga, ko bugun ya ɓace, ko tsohuwar da ta saba jure kitso ta fara janye kai tun ba a ja ba, to su aiko maka da ita ranar, kada su bari a kwana. Daga nan ka bi Kakuri, ka bi Kamazou, ka kai har Kakau. A gari aka sa maka Likitan Kitso. Wasu da ba'a suke faɗa, kai kuwa ka amsa sunan da hannu biyu.

Nawa ciwon ya zo ne a ƙarshen daminar 1985. Mun shirya bikin godiyar girbi a ikilisiyarmu, na je wurin Juliana ta yi mini shuku. Shekara da shekaru nake ɗora kaina a cinyar yarinyar nan 'yar Binuwai ina gyangyaɗi, amma ranar, da kibiya ta taɓa fatar kaina sai na ji kamar an ɗiga mini tafasasshen ruwa. Ta ajiye kibiya ta lalubi gefen goshina. Ta ce, "Mama, wannan ba ciwon kai na kullum ba ne o. Sai mun ga Likita." Yamma ta riga ta yi, muka je asibiti aka ce ka tafi ƙauye, sai gobe.

Kashegari Lahadi ina tsaye cikin zumuntar mata, ɗankwalina a sassauce don ba na iya ɗaure shi, muna tsakiyar waƙa, sai wani labule mai launin toka ya fara sauka a idona na dama. A hankali ya sauko, ba zafi, ba ƙara. Na ga rabin fuskar fasto ta tafi, furannin bagade suka bi ta, tagar gabas ta dushe. Muryoyin mata kuwa suna nan daram, har na ji kamar sun ƙara daɗi. Na ci gaba da waƙa, don ban san abin da ake yi ba in rabin duniya ta tafi. Juliana ce ta lura ina laluben benci. Ba ta jira albarka ba, ta ja ni waje ta tare tasi har ƙofar gidanka.

Mun same ka da cokali a hannu. Matarka Judith ta kawo mini ruwa, kai kuwa ka haska idona, ka taɓa goshina, ka ba ni magani tun kafin a ɗebi jini. Ba ka yi mini ƙarya ba, kuma har gobe ina gode maka da wannan. Ka ce, "Mama, na dama ba zai dawo ba. Na hagu muke yaƙi a kansa yanzu. 'Yan kwanakin nan ne za su nuna mana." Na ji tsoro ƙwarai. Ina da jika a ciki, 'yata ta kusa haihuwa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko zan ga fuskar yaron ko sai dai in shafa.

Da ka mayar da ni gida a motarka, ka tsaya a tsakar gida kana dube-dube, sai ka nuna can nesa, inda harshen wutar matatar mai ke kaɗawa a saman dogon bututunta. Ka ce kowace safiya da kowace yamma in fito in tsaya daidai nan, kusa da randa, in dubi wutar. In ta dushe, ko ta rabu biyu, ko ta ɓace ko na ƙiftawar ido ne, in aiko maka duk inda kake. Ni da na shekara ina tsine wa wutar nan don warin da iska ke kawo mana, sai ga ni ina gaishe ta kamar maƙwabciya. Da safe takan yi fari-fari, da ƙyar ake raba ta da sama. Da yamma ta yi ja, ta kwanta gefe in iska ta taso, shamuwa na giftawa ta gabanta suna shirin tafiya. Nakan tsaya har sauro ya kore ni. Kwanakin nan ban san ko a farke na yi su ko a mafarki ba. Abin da na sani, kullum ka leƙo, tambayarka ɗaya ce: "Mama, wutar tana nan?" Ni kuma in ce tana nan.

Wutar ta zauna daram, ba ta ɓace mini ba. Na ga jikana Matthew ranar da aka haife shi, da kunnuwansa irin na kakansa.

Ka nemi izinina kafin ka sa ni cikin bincikenka, ka yi mini bayani da Hausa, ka ce in na ƙi, magani ba zai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Na yarda. Aka zuba jinina a siririn bututun gilashi, muka zauna tare muna kallon yadda jan ke sauka ƙasa da sauri, ka ce saurin nan shi ne alamar kumburi. Ka yanki ɗan guntun jijiyar, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Bayan mako ka kira ni ɗakin gwaji ka ce in sa idona mai kyau a madubin da ke ƙara girman abu. Likita, ban taɓa ganin atamfa mai kyan abin nan ba. Ruwan hoda da shuɗi, zobe cikin zobe, ga wasu manyan ƙwayoyi zaune a gefe, kowace da ɗigo-ɗigo a cikinta. Ka ce girman nan nasu ne ya ba ciwon sunansa na Turanci. Na daɗe ina kallo. Na kasa jin haushinsu, don a jikina suke.

Maganin ya kumbura mini fuska har yaran unguwa suka ce Malama ta samu kuɗi. Kai kuma kana rage shi kaɗan-kaɗan kamar mai yaye jariri, kana faɗa da ni a kan gishiri da sukari. Ba ni kaɗai ba ce. A bencin asibitinka ranar Alhamis na san wani tsohon ma'aikacin masaƙa da kafaɗunsa suka sandare har ba ya iya sa riga, da wata budurwa da ba a jin bugun jini a hannunta na hagu, wadda ka ce ciwonta ɗan'uwan namu ne. Ba mu da yawa. Na taɓa tsokanarka na ce duk yawon nan naka, mutanen da ka tara ba su cika aji ɗaya ba. Ka yi dariya ka ce ai ba ka ce muna da yawa ba, cewa ka yi muna nan, kuma ba ka gama ƙirga ba. Yanzu kuwa ba za ka gama ba, wannan kuma yana ci mini rai.

Tsohuwar Kakau da ka je dubawa, mai kitson garin ce ta aiko. Ka kai mata magani da hannunka don ruwa ya hana ta fitowa. An ce mini idanunta biyu suna gani.

Shekaranjiya da azahar ruwa na sauka a kan kwano, barci ya ɗauke ni a kujera. A mafarki da ido biyu nake gani, shi ya sa ba na ƙin barcin rana. Na gan ka a gindin mangwaron nan, kanka cike da gashi baƙi wuluk, ka ɗora shi a cinyar Juliana tana yi maka shuku, mata sun kewaye ku ba mai dariya. Kogin Kaduna ya taso har gindin bishiyar yana wucewa a hankali, bai jiƙa kowa ba. Ka ɗago ka dube ni kamar za ka yi tambaya, sai na farka. Fuskata a jiƙe take ta gefe biyu. Ashe idon da ya daina gani bai daina kuka ba.

Judith, 'yata, ba ni da kalmar da za ta kai nauyin abin da kike ɗauke da shi. Kin bar mana mijinki yana yi mana hidima, abincinsa ya sha hucewa a tebur saboda kan wata tsohuwa, ba ki taɓa ɓata mana fuska ba. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya zama uba ga yaranki, ya riƙe mahaifiyarsa da dukan dangin Tagwai. Ina miƙa ta'aziyyata ga abokan aikinsa, ina kuma roƙonsu kada su bar aikin nan ya bi shi kabari. Masu kitso suna nan, yatsunsu ba su manta ba. Juliana ta ce mini jiya har yanzu ba ta fara tsaga kan tsohuwa sai ta lalubi gefen goshi, amma ba ta san wurin wa za ta aika ba. A ba ta amsa.

Kai kuma, Likita, Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutawa a wurin Almasihu, cikin hasken da ba labulen da ke sauka a kansa. Amin.

Alhamis ɗin nan ce ranar da ka ba ni in zo, ka ce wataƙila mu rage rabin ƙwaya. Ba zan same ka ba, don haka bari in ba da rahotona a nan. Yau da yamma, da ruwa ya ɗauke, na fita na tsaya kusa da randa. Wutar tana nan, Likita. Guda ɗaya ce, ba ta dushe ba. Ina ganinta.

Malama Dorcas, Kamazou