Ranar da Muka Kai Benci Gida

A firamaren da na yi a Zuru ba a barin benci ya yi hutu a aji. Azuzuwanmu ba su da ƙyaure, tagogin ma suna kawai suka tara. In aka bar abu na sati shida, ko gara ta ci ƙafarsa, ko awaki su mai da shi makwanci, ko kuma a dawo a tarar ya yi ƙafa. Saboda haka ranar da za a ba da hutu, in an gama komai, kowane benci masu shi ne ke kai shi gida. Mutum biyu ke zama a kai, su biyun kuma ke ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wannan zangon a ajiye gidan wannan, zango mai zuwa gidan wancan. Wanda ya tsaya a bakin titi ranar zai ga benci na tafiya ta kowane lungu na gari, wasu har hanyar Dabai.

Namu kore ne. Babana ya ba da katakon da ya rage daga gyaran rumfarsa, baban 'yar bencina kuma, da yake soja ne, ya kai shi bariki ya buga, ya shafe shi da fenti irin nasu. Tun aji uku muke zaune a kansa, ni a dama, ita a hagu wajen taga.

Iyayenta mutanen Dabai ne, amma ita a wani bariki can kudu aka haife ta. A gida yarensu na C'lela suke yi, Hausa kuwa a hanya ta tsince ta, shi ya sa in tana magana ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ni kuma tun ina ƙarama Allah ya ɗora mini ciwon gyara Hausar mutane. Ko baƙo ya zo gidanmu ya yi tuntuɓen harshe, sai Inna ta harare ni tun kafin in buɗe baki. To sai ga shi an haɗa ni benci da wadda za ta ce, "Babana ta dawo jiya."

"Ya dawo," in ji ni.

"Ya dawo, Malama," sai ta yi dariya ta ci gaba da labarinta.

Haka ta sa mini suna Malama, kuma haka muka yi shekara uku. Ta taɓa koya mini ƙirga a yarensu daga ɗaya zuwa goma. Na san yankan ƙauna na yi wa kalmomin, don na ga yadda take riƙe ciki, amma ko sau ɗaya ba ta gyara mini ba.

Abin ya ɓaci ne a zangon ƙarshe na aji biyar. A makarantarmu akwai jawabin godiya ga iyaye da ɗalibi ɗaya ke karantawa ranar hutu, da Hausa, don kowa ya ji. A raina na gama ba kaina wannan jawabi tun farkon shekara, har na zaɓi inda zan tsaya. Saura sati biyu, malamin ajinmu, wani dogon mutumin Mahuta mai zuwa da keke, ya shigo da takardar a hannu, ya wuce ni, ya miƙa mata. Na bi takardar da ido har ta sa ta a jaka.

Washegari ya ce ta tashi ta gwada. Ta fara lafiya, sai ta zo kan, "Muna godiya ga hedimasta da ta kula da mu." Ban jira malam ba. Na ce da ƙarfi, "Ashe hedimasta ya koma mace ba mu da labari." Aji ya kwashe da dariya, har masu buga benci. Malam ya tsawata, aka yi shiru. Ta ƙarasa karatunta, ta dawo ta zauna, ba ta ce mini Malama ba. Ta duƙa ta tsinci guntun alli a ƙasa, ta ja layi a tsakiyar bencin daga wannan gefe zuwa wancan.

Gaba ta 'yan mata a lokacinmu tana da doka: wadda ta fara magana ita ta faɗi. Kwana goma muka yi a kan katako ɗaya, gwiwar hannuna na iya taɓa tata, ba mai ce wa wata uffan. Na san ni ce da laifi, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Kullum da safe nakan fito gida da "ki yi haƙuri" a bakina, ina maimaitawa a hanya, da na ga layin allin nan sai ta maƙale. Sai in ce wa kaina ai akwai gobe. Da goben suka ƙare na ce ai akwai zango mai zuwa.

Ranar hutun ƙarshen shekara ba ta da kama a wurinmu, kuma har yau in damina ta yi tsakiya ina jin kewarta. Duwatsun da ke kewaye da gari sun yi kore shar. 'Ya'yan manoma da suka ɓace tun da aka fara noman farko duk sun bayyana, an wanke rigar makaranta amma ƙafa ta ƙi ɓoye sirri. Kowane ɗalibi ya zo da gwangwanin shinkafa ɗaya da itace ɗaya. Matan bariki da matan coci da iyayenmu na cikin gari suka kafa tukwane a gindin mangwaro, suna musu a kan gishiri cikin yare uku. 'Yan rugar bayan makaranta suka kawo nono a ƙwarya. Aka buga tsohon wilin motar da ke rataye a matsayin ƙararrawa, muka fito da benci muka jera wa iyaye, mu kuma muka zauna a ciyawa. Aka yi addu'a iri biyu kamar kullum, kowa ya ce amin a duka biyun don a yi a gama a kai ga shinkafa.

Sannan aka kira ta. Ta tsaya daidai inda na zaɓar wa kaina. Ta karanta a hankali, kuma duk inda ta zo kan "ya" ko "ta" sai ta ɗan tsaya kamar mai tsallaka kwata. Ba wanda ya lura sai ni, don ni kaɗai ke jiran ta faɗa. Ba ta faɗa ba, ko sau ɗaya. Aka yi tafi, babanta da ke tsaye a baya cikin kakinsa ya ƙame ya sara mata, mutane suka yi dariya. Ni ma na yi tafin, amma a ƙarƙashin siket, inda ba za ta gani ba.

Aka kira na ɗaya da na biyu da na uku na kowane aji, aka raba katin sakamako, aka yi kuka aka yi guɗa, aka ci abinci. Daga nan fili ya rikice da "sai an dawo". Ita ce sallamar ranar, ba wata. Malamai su ce sai an dawo, mu ce sai an dawo, mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ma haka.

Wannan karon juyin gidansu ne, bariki za a kai bencin. Gaba ko ba gaba, benci ba ya ɗaukar kansa. Ta kama gaba, na kama baya, muka bi sahun sauran. Da muka iso mararrabar da hanyar bariki ke rabuwa, sai na ga ta miƙe ta nufi unguwarmu. Wanda ke baya ba ya tuƙi, kuma in na tambaya na faɗi. Na ja bakina na tsuke, ina cewa a raina, wato har ajiyar bencin ma ta yafe, ta jibga mini kayana in ƙarata.

A rabin hanya hannu ya gaji. Ba tare da shawara ba muka sauke a gindin wata bishiyar ɗorawa, muka zauna, kowa a ɓangarenta na layi, muna kallon benci na wucewa. Ta ciro gasasshiyar masara daga jakarta, ta karya biyu, ta ɗora rabin daidai kan layin allin. Na daɗe ina kallon wani wuri. Daga baya na ɗauka na cinye tas, ban ce na gode ba.

Inna na tsakar gida tana tsince wake muka shigo. Ta dube mu ta ce da ita, "Ɗiyata, wanga karo ba gidanku za a kai shi ba? Mi ya hwaru?"

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, a bar shi a nan."

Inna ba ta ja maganar ba, ta ba ta ruwa a moɗa. Muka jingine bencin a bango. Ta sha ruwan, ta ɗauki jakarta, na bi ta har zaure kamar wadda za ta rufe ƙofa. A nan ta juyo ta dube ni sosai, karon farko cikin kwana goma, ta ce, "To, sai wata rana."

Ita ta fara magana, ke nan na ci. Ga "ki yi haƙuri" a kan harshena, ƙofa a buɗe, ba kowa sai mu biyu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sai an dawo ake cewa. Sai wata rana ai ta wanda ba za a sake gani da wuri ba ce."

Ta yi murmushi. "To, Malama," in ji ta, ta fita.

Na koma ciki ina tsalle a raina. Ta kira ni Malama, gaba ta ƙare, kuma ban zubar da girmana ba. Ban ma jira daren farko na hutu ba, tun da la'asar na samo tsumma da ruwa na goge layin. Duk hutun ni ce mai gadin bencin. Inna ta shanya kuɓewa a kai, in kwashe. Kaji su hau, in kora. Na riƙa bitar ƙirgar nan ta yarensu ina wanke-wanke, don na yanke shawarar ranar komawa zan ƙirga mata har goma, in ce ta gyara mini, sannan in ba ta haƙurin da na riƙe.

Ranar komawa, wadda ba a gidanta benci yake ba ita ke zuwa a ɗauka tare. Na shirya tun da sassafe na zauna a kansa a ƙofar gida. Benci na ta wucewa ta gabana, biyu-biyu. Rana ta ɗaga, titi ya yi shiru. Inna ta leƙo ta ce, "Tashi ki tahi, ƙila ba ta da lahiya." Ta naɗa mini gammo, ta ɗora mini shi a ka. Ban taɓa sanin nauyin bencin nan ba sai ranar.

Na isa an daɗe da shiga aji. Malamin nan na Mahuta yana tsaye a baranda da bulala don 'yan makara, na riga na miƙa hannu a raina. Sai ya ajiye bulalar, ya taimaka mini na sauke.

"Ke ɗaya kika ɗauko?" ya tambaye ni.

Na ce ban ga 'yar bencina ba.

Ya dube ni. "Ba ta gaya miki ba? An yi wa babanta canjin wurin aiki. Kwana uku da ba da hutu suka tashi. Tun saura sati biyu ya zo ya faɗa mana, shi ya sa na ba ta jawabin, don shi ne nata na ƙarshe a nan."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ja bencin zuwa aji shida, na zauna a dama, na bar hagun. Sai da aka fita hutun ƙarfe tara na zagaya bayan aji na yi mai isata. Hausarta daidai take, har ma'anar ni na faɗa mata da bakina, ban ji abin da nake faɗa ba.

Na neme ta iya neman da yarinya za ta iya. Ranar kasuwa nakan tsaya wurin matan Dabai masu sayar da dawa in kwatanta musu ita, 'yar soja, baƙa, mai wushirya. Su yi dariya su ce a Dabai wane gida ne ba soja. Daga baya da waya ta zo hannun kowa na gwada sunanta, na tarar da masu irinsa birjik, ba wadda ta yi kama da ita. Ina kewarta, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Yanzu ni ma malama ce ta gaske, a wata firamare cikin garin nan. Azuzuwanmu na da ƙofa da kwaɗo, ba mai kai benci gida, ranar hutu titi ba ya nuna komai. Koren bencin na nan a tsakar gidan Inna, fentin ya tafi sai a ƙarƙashi. Gyaran Hausa kuwa ban bari ba, yanzu ma shi ne aikina, ɗalibaina za su ba da shaida.

A hutun da ya wuce, yara na fita suna ta "sai an dawo, Malama", wata ƙaramar yarinya ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Malama, sai wata rana." Ban san lokacin da na kama hannunta ba.

"Ina za ku?"

Ta tsorata. "Wasagu, wurin kakata. Sati biyu kawai za mu yi."

Na sake ta, na ce Allah ya kiyaye hanya. Amma sai da na raka ta har bakin ƙofar makaranta, na tsaya ina kallonta har ta sha kwana.