Saura ƙiris muryar Baba ta tafi

Habu mai gyaran kwamfuta a Gwammaja har ya ɗora yatsa zai goge laftof ɗina ya sa mata sabuwar manhaja, sai ya dakata.

"Malam, ka dai kwashe kayanka ko?"

Na nuna masa littafina. Kwana uku ina bin abin da na rubuta ɗaya bayan ɗaya: na cika caji, na kwafe komai a filashi. Babbar damuwata ita ce muryar marigayi Baba, da na ɗauka a zaure yana ba mu tarihin gidanmu. Babu ita a ko'ina sai a laftof ɗin.

Ya soka filashin a tasa kwamfutar. Ya danna muryar, ta ƙi buɗewa.

"Ai alamar da ke kan allo kawai ka kwafo, Malam. Muryar tana can cikin laftof ɗin."

Ya kwafe ta da kansa, muka saurara har inda Baba ya yi ɗan tarin nan nasa.

Duk da haka na ce kada a goge laftof ɗin, sai na tura wa ƙannena duka tukuna.

Ku wuri nawa kuke ajiye irin wannan kafin hankalinku ya kwanta?