Ƙarfen Tifa a Reshen Mangwaro

Shekarun da ake faɗaɗa hanyar Abuja, tifofi ba su barin mu ji karatu a makarantarmu ta Keffi. Malaminmu na kimiyya, wani dogon Bamade, wato ɗan ƙabilar Mada, mai son burge ɗalibai, ya tsinto guntun ƙarfen tifa, nauyinsa ya kai na dutsen niƙa, ya ɗaure da igiya a reshen mangwaro.

Ya ce in an ɗaga ƙarfen sama, ƙarfinsa a ajiye yake. Yana saukowa ajiyar ta zama gudu, yana hawa gudun ya koma ajiya. Saboda haka ba zai taɓa wuce inda ya taso ba, sai in an ƙara masa da hannu. Wata ƙawata ya fara ba wa ta gwada, ba kowa a gaba, ta hankaɗa shi kamar mai tura lilo. Muka yi dariya, shi ma ya yi.

Sai ya nemi mai zuciya. Ni da rawar kaina na fito. Ya jingina ƙeyata da jikin bishiyar, ƙawata ta jawo ƙarfen har sanyinsa ya taɓa haɓata.

"Kar ki motsa," ya ce mini. Ya juya wajen ƙawata. "Saake shi."

Cika shi yake nufi. Amma Hausar Malam ta kasuwa ce, ya ja kalmar, ita kuwa 'yar cikin gari ce, abin da ta ji shi ne ta maimaita hankaɗar ɗazu. Ta kuwa maimaita, da hannu biyu.

Na ga ƙarfen ya tafi, ya haye can sama, reshen yana ƙara. Ya tsaya cak. Tsoro ya kama ni, don na fahimci darasin sarai: abin da aka ƙara masa, a fuskata zai sauke shi. Amma an ce kar in motsa.

Ya taho. Na rufe ido, na ji ƙas, amma ba a jikina ba. Hannun Malam ne tsakanin ƙarfen da bakina.

Zangon nan duka da hagu ya yi rubutu a allo. Bara na gan shi a tashar motar Maraba, ya tsufa, ya ɗaga mini hannu. Yatsu biyu har yanzu ba sa miƙewa.

"'Yata," ya ce, "buɗe baki in ga haƙoran nan nawa."