Injin da Ya Ci Yaya Ibro Yana Nan Yana Aiki

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayana Ibro, mai facin taya a bakin hanyar Dogon Dutsi. Shi ne wanda yake ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni lakkwal, wato makarantar boko, yana tambayata sunayen taurarin da muka karanta, in faɗa, ya yi dariya ya ce duk bai ga wadda ta kai Zara ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu mai taushi a kansa. Duk sanda na ɗauki alƙalami, sai injin nan ya tsaya mini a gaba.

Kwamfuresa ce ta hura wa taya iska, ƙarama mai ƙafafun roba, ta Kawu Nomau, ƙanen Innarmu. Ta zo da kan waya mai haƙora uku, amma bai shiga ramin kuran, wato na wutar lantarki, na shagon Kawu ba, sai aka yanke shi, aka cusa tsirarar waya biyu, aka danne da tsinken ashana. Waya ta uku, mai ruwan ganye, aka datse ta don wai ba ta aikin komai. Daga shagon zuwa rumfar Ibro an haɗa guntayen waya huɗu, kowace mahaɗa an naɗe ta da leda.

Kowa ya san injin yana cizo. Haka suke faɗa, suna dariya, kamar zancen jaki mai hali. Ibro yakan taɓa shi da bayan hannu tukuna, ya tsaya a kan tsohuwar taya. Sabo turken wawa, in ji mutanen da.

Ran nan an yi ruwa da rana. Ibro ya gama alwalar la'asar ke nan, ƙafa ba takalmi, sai wani mai amalanke daga Kiéché ya roƙe shi ya ƙara masa iska kafin hadari ya dawo. Ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kama mariƙin ƙarfe. Hannun bai sake buɗewa ba. Mutane sun fi goma a wurin, suka ja da baya suna salati. Wanda ya tuna da zare waya ya tarar da shagon a kulle, Kawu ya tafi masallaci da makulli a aljihu.

Kafin a yi sadakar uku magana ta gama gari: doguwa ce ta buge shi, don ya sare reshen tsamiya ya yi rumfa. Kawu ne ya fara faɗa, a tsakar gidanmu, yana share hawaye. Inna ta yarda. Ni ma na yarda, na shekara biyu ina kewaye tsamiyar nan. Sai da malamin fizik ya zana mana wayar ƙasa a allo, ya ce ita ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum, sannan na gane wayar da aka datse. Na tashi na fita daga ajin.

Da Ibro zai leƙo yau, zai ga sola a kan rufin shaguna, ya ga sababbin babura. Zai kuma ga ƙanensa Sani, uban 'ya'ya uku, tsaye a kan tsohuwar taya, yana taɓa injin da bayan hannu. Ledar ce kawai aka sake.

A watan jiya na kawo mai gyaran kuran, da sabuwar waya mai kauri guda ɗaya, da kan waya mai haƙora uku, da makashin wuta da za a kafa a rumfar inda hannu zai kai. Kawu ya tare mu a ƙofar shago.

"Malama, mi ya kawo ki da wanga mutum?"

"Gyara ne kawai, Kawu. Ba zai wuce awa guda ba."

"In gyara yau, gobe gari shi ce ni na kashe Ibro? Ɗauki kayanki."

Na dubi Sani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bari, ƙanwata, na san halin injin nan."

Ana cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A wurin Kawu ya zama, domin gyaran shaida ne, shi kuwa ya gwammace ya ajiye doguwarsa da ya tsare ran ɗan 'yar'uwarsa na biyu.

Me ya rage na Ibro? Kekensa ya yi tsatsa, rumfarsa ta zama ta Sani. Abin da ya rage yana wurin Inna. Gidanmu yana bayan shagon, ana jin kukan injin har madafa. Idan tulun iskarsa ya cika yakan yi shiru da kansa, sau da yawa a yini. Duk sanda ya yi shiru, Inna takan tsaya da taɓarya a sama, ba ta numfashi, sai ta ji muryar Sani, ta tabbata yana da rai.

Allah ya jiƙan Ibro, ya sa ya huta. Ita Inna ba ta huta ba.